Farfaɗo da mutum ko raya abu: yadda za ka zaɓi kalmar Turanci da ta dace

Ɗalibin da zai zauna jarrabawar WAEC, da sakataren ƙungiya mai rubuta takardar neman tallafi, da ɗan jaridar da aka miƙa wa labari aka ce ya mayar da shi Turanci, duk wuri guda suke yin tuntuɓe. Da Hausa mukan ce an farfaɗo da yarinyar da ta suma, an farfaɗo da masaƙa, an farfaɗo da zumunci, an farfaɗo da tattalin arziki, kuma kowa ya gane. In muka ɗan matsa gaba mu ce an raya, ko an tayar. Shi kuwa Turanci ya raba wannan aiki ga kalmomi sun fi goma, ga shi ƙaramin ƙamus jero maka su kawai zai yi kamar dukkansu ɗaya ne. Alhali wata ta asibiti ce, wata ta ranar tashin alƙiyama, wata ta magina, wata kuma in ka ɗora ta a kan mutum sai Bature ya zaci labarin fatalwa kake ba shi.

Saboda haka kada ka fara da neman kalma. Fara da yi wa abin da kake magana a kansa tambayoyi, kalmar za ta zo da kanta.

Mataki na 1: Riƙe *revive* a hannu tukuna

Wannan ita ce uwar sauran. Daga Latin ta fito: *re* na nufin sake, *vivere* na nufin rayuwa. Tana hawa kan mutum, da shuka, da kasuwa, da al'ada, da harshe, ba tare da ta yi wa kowa nauyi a kunne ba. In lokaci ya ƙure maka a ɗakin jarrabawa, rubuta ta ka wuce. Sauran matakan na neman wadda ta fi ta dacewa ne, idan akwai.

Ka dai kiyaye kada ka haɗa ta da *survive*, wadda ke nufin tsira. Wanda ya tsira daga haɗarin mota *survived* ya yi. Wanda aka yayyafa wa ruwa ya buɗe ido shi aka yi wa *revive*.

Mataki na 2: In mutum ne, duba nisan da ya yi

Nan ne aka fi yin ɓarna, don haka bari mu zauna a kansa. Hawa uku ne, kowanne da nasa kalmomin.

Hawa na farko shi ne suma. Mutum ya faɗi saboda zafin rana, ko yunwa, ko firgici, amma yana numfashi kuma zuciyarsa na bugawa. A nan *revive* ta wadatar: *They revived her with cold water*, wato sun farfaɗo da ita da ruwan sanyi. A maganar yau da kullum mutanen Ingila sun fi cewa *They brought her round*, na Amurka kuma su ce *around*. In takardar asibiti ce ko rahoton 'yan sanda, sai a ce *She regained consciousness*, wato hankalinta ya dawo jikinta. Wanda ya farka daga doguwar suma kuwa, *He came out of a coma* ake cewa.

Akwai wani tarko a gefen hanyar nan da ya kamata a ambata. *He passed out* na nufin ya suma, *He passed away* na nufin ya rasu. Ƙaramar kalma ɗaya ce ta raba su, amma in ka musanya su a saƙon waya za ka tara 'yan gaisuwa a ƙofar mai rai. Abin ya ƙara rikicewa a Najeriya domin mun saba jin *passing out* a bakin masu bautar ƙasa da sojoji, inda take nufin faretin yaye su. Duka biyun Turanci ne ingantacce, wurin da aka faɗa ne ke bambanta su.

Hawa na biyu shi ne inda numfashi ya ɗauke ko zuciya ta tsaya, aka yi ta fama har aka dawo da su. Kalmar wannan wuri ita ce *resuscitate*, kuma kalmar likitoci ce. Masu kallon ƙwallo ba za su manta da ranar 12 ga Yuni 2021 ba, lokacin da Christian Eriksen na Denmark ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Kopanhegan ana tsaka da karawa da Finland. Zuciyarsa ta tsaya, likitoci suka yi ta danna masa ƙirji, suka jona masa na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki, har ta ci gaba da bugawa. Abin da aka yi masa ke nan: *He was resuscitated on the pitch*. Haka ma Fabrice Muamba na Bolton a watan Maris 2012, wanda zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta buga da kanta ba, kuma ya rayu.

Wannan kalma ce harafin ƙarshe na CPR, wato *cardiopulmonary resuscitation*, farfaɗo da zuciya da huhu. Tun da maganar ta kawo mu nan, ga abin da ake koyarwa game da baligi: a kwantar da shi rigingine a kan wuri mai tauri, a ɗora tafin hannu bisa ɗaya a tsakiyar ƙirji, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya samu horo yakan hura numfashi sau 2 bayan kowace danna 30. Wanda bai samu ba ya ci gaba da dannawa kawai, wani kuma ya nemo agaji, a Najeriya ta lamba 112. Yayyafa ruwa da fifita, waɗanda muka saba da su, na mai suma ne. Ba sa tayar da zuciyar da ta tsaya. Ka ga ashe bambancin kalmomin biyu bambancin aiki ne na gaske.

In kana aikin tafinta a asibitin Turai ko Amurka za ka iya cin karo da haruffan DNR a takardar majinyaci. *Do not resuscitate* ke nan, umarnin da aka rubuta cewa in zuciyarsa ta tsaya kada a yi ƙoƙarin dawo da ita. Ba ya nufin a daina ba shi magani ko kulawa, kuma wajibi ne tafinta ya fayyace wa iyali wannan.

Hawa na uku shi ne mutuwa ta haƙiƙa, wadda ba likitan da ke dawo da mutum daga cikinta. Kalmarta *resurrect*, sunanta *resurrection*. Masu fassara littattafan Musulunci na kiran ranar alƙiyama *the Day of Resurrection*, Kirista kuma na kiran tashin Yesu da suke tunawa a bikin Ista *the Resurrection*, da babban harafi. Idan ana ba da labarin mu'ujiza, kamar yadda Annabi Isa ya rayar da matattu da izinin Allah, ko labarin Li'azaru a Linjila, an fi amfani da *raise*: *He raised the dead*, ko *raised him from the dead*.

Don haka kada ka taɓa rubuta *The doctor resurrected the patient*. Ka ba likita abin da ba nasa ba, kuma mai duba takardarka zai ja layi a ƙarƙashi.

Mataki na 3: Wani ne ya farfaɗo da shi, ko shi ya farfaɗo?

Hausa na raba waɗannan da ƙaramar *da*: ya farfaɗo, an farfaɗo da shi. Turanci wani lokaci kalmar yake sauyawa gaba ɗaya.

*Revive* na tafiya ta kowane ɓangare. Ana cewa *The nurse revived him*, ana kuma cewa *The plants revived after the rain*, shukoki sun farfaɗo bayan ruwan sama. *Resuscitate* da *resurrect* kuwa aikatau so-karɓau ne a amfanin yau da kullum, sai da wanda aka yi wa. Kada ka ce *He resuscitated* ka yi shiru, domin mai sauraro zai jira ya ji wa ya farfaɗo da shi. Ka ce *He was resuscitated*.

In mutum da kansa ya farfaɗo daga suma, ana cewa *He came round* ko *He came to*. Ta biyun takan ɗaure wa mai koyo kai, don yana jiran a faɗi inda aka zo, alhali jimlar ta ƙare a nan. Wanda ya murmure daga jinya kuma *recovered* ya yi, babu ruwansa da duk waɗannan.

Mataki na 4: In ba mutum ba ne, tambayi abin da ya rasa

Masana'anta ko biki ko gini ba su da numfashin da zai ɗauke, saboda haka mutuwarsu iri-iri ce. Gano wace iri ce kafin ka zaɓi kalma.

Idan abu ya daina gudana gaba ɗaya aka dawo da shi, *revive* ce. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, ya yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a watan Maris 2020: *The festival was revived*. Idan kuwa ɗan dakatarwa aka yi da niyyar ci gaba, *resume* ta fi. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ya tsaya bayan harin Maris 2022, ya koma aiki a Disamba na shekarar: *Services resumed*. Layin waya da aka toshe ko asusun banki da ya daɗe ba a taɓa ba, *reactivate* ake yi musu. Kwamfuta ko wayar da ta sanƙare, *restart* ko *reboot*.

Idan abin bai mutu ba, ƙarfinsa ne ya ragu, to *revitalise*, daga *vita*, wato rai. Kasuwar da ke ci amma ba kamar da ba, ko asibitin da ke buɗe amma babu magani babu ma'aikata, wannan ce tasu. 'Yar'uwarta *rejuvenate* daga *juvenis* take, wato matashi, don haka ma'anarta maido da ƙuruciya: ƙungiyar ƙwallon da ta sallami tsofaffi ta ɗebo yara, ko mutumin da ya huta ya ji jikinsa ya saki.

Masana harshe sun ɗauki wannan bambanci da muhimmanci. Ibrananci ya shafe ƙarnoni ana addu'a da rubutu da shi amma ba a magana da shi a gida, har Eliezer Ben-Yehuda ya koma Ƙudus a 1881 ya duƙufa wajen mayar da shi harshen yau da kullum. Wannan *language revival* ne. Harshen Mawori na New Zealand kuwa bai rasa masu magana da shi ba, raguwa suka yi, sai aka buɗe makarantun renon yara da harshen tun daga 1982. Wannan *language revitalisation* ne. In kana rubuta takardar neman tallafi don ɗaya daga cikin ƙananan harsunan Bauci ko Filato da yara ke bari suna komawa Hausa, muddin akwai tsofaffin da ke magana da shi, ta biyun za ka rubuta. Masu karanta irin waɗannan takardu sun san bambancin, kuma za su gane ko ka sani.

Idan siffa ce ta lalace, ka shiga unguwar magina. *Restore* na nufin mayar da abu yadda yake tun asali, da irin kayansa da irin fasalinsa, kamar aikin da aka yi wa majami'ar Notre-Dame ta Paris bayan gobarar Afrilu 2019 har aka sake buɗe ta a Disamba 2024. Ita ce kalmar da ta dace da ganuwar Kano ko tsohon rubutun ajami da gara ta taɓa. *Renovate* gyara ne da sabuntawa, ba dole a bi fasalin da ba. *Rehabilitate* mayar da abu ne ya sake amfanuwa, hanya ko rijiyar burtsatse ko madatsar ruwa. Ana kuma faɗinta ga mutumin da ake raba shi da shaye-shaye ko ake koya masa tafiya bayan karaya. Wutar lantarki da zaman lafiya su ma *restore* ake yi musu.

Idan matsayi ne aka ƙwace aka mayar, *reinstate*. Da ita jaridun Turanci suka ba da labarin mayar da Muhammadu Sanusi II gadon sarautar Kano a watan Mayu 2024 bayan tuɓe shi a Maris 2020, da ita kuma aka ba da labarin dawo da tsohon taken Najeriya a watan Mayun 2024 ɗin, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Ma'aikacin da aka kora kotu ta ce a mayar da shi, shi ma haka.

Abin da ke cikin zuciya kuma, so ko fata ko zumunci ko sha'awar karatu, *rekindle* ce tasa. *Kindle* hura wuta ne, don haka hoton shi ne na garwashin da toka ta rufe aka sake hura shi. Ba a yi wa masana'anta ko majinyaci.

A fagen addini, abin da malamai ke kira *ihya'u* shi ake fassarawa da *revival*, shi ya sa ake kiran Ihya'u Ulumid Din na Imam Gazali *The Revival of the Religious Sciences*. Tajdidi kuma *renewal* ne, mujaddadi irin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a kira shi *renewer* ko *reformer*.

Mataki na 5: Saurari abin da kalmar ke ɗauke da shi a ɓoye

Kalma na iya dacewa da ma'ana amma ta zo da wani ƙamshi da ba ka nufa ba.

*Resurrect*, in aka fitar da ita daga addini, tana nufin tono abin da kowa ya ɗauka an binne: tsohuwar shari'a, tsohon rikici, dokar da aka manta. Sau da yawa akwai ɗan ƙorafi a cikinta, kamar mai cewa me ya kawo wannan kuma. In kana yabon gwamna kan dawo da wani shiri, *revived* ta fi aminci. *Reanimate* kuwa ka bar ta inda ka gan ta. A ƙamus tana nufin mayar da rai, amma a kunnen mai Turancin yau gawa ce ta tashi tana tafiya a fim ɗin ban tsoro.

Sai babbar magana, wato son da jaridu da 'yan siyasar Najeriya ke yi wa *resuscitate*. Kowane ɗan takara zai yi alkawarin *resuscitate the moribund textile industry*, yana nufin masaƙu irin Kaduna Textiles da ta fara aiki a Kakuri a 1957 ta rufe a 2002. Ba kuskure ba ne, Turawa ma kan aro kalmar su ɗora wa tattalin arziki. Amma aron yana da ƙarfi ne in an yi shi jefi-jefi. Mu kuwa mun mayar da shi abincin kullum har ya salance, kuma ina ganin tsawon kalmar ne ke burge mu, ba dacewarta ba. In masu karatunka 'yan gida ne, ba wanda zai ɗaga gira. In takardar za ta fita waje, *revive* ko *reopen* sun fi tsabta.

Wani lokaci ma duk kalmomin ba su dace ba. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta a jihar Kogi, wanda aka faro da taimakon Tarayyar Sobiyet tun ƙarshen shekarun 1970, bai taɓa narka ƙarfe yadda aka tsara shi ba. Abin da bai taɓa tashi ba yaya za a farfaɗo da shi? Mai son gaskiya a rubutunsa *complete* zai ce, wato a kammala.

Mataki na 6: Gyara rubutu da furuci

*Resuscitate* ce ke kayar da mutane. Raba ta gaɓa huɗu, re-sus-ci-tate, ka tuna akwai *c* bayan *s* ta biyu. Ana furta ta kamar ri-sa-si-teit, da nauyi a gaɓa ta biyu. *Resurrect* na da *s* ɗaya da *r* biyu a tsakiya, kuma *s* ɗin *z* ake furtawa: re-za-rekt. A *revive* akwai *v* biyu, sautin da babu shi a Hausa, shi ya sa yake fita kamar *b*. Ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka saki iska da murya.

Sunayensu ba tsari ɗaya suke bi ba, sai an haddace: *revival*, *renewal*, *resuscitation*, *resurrection*, *restoration*, *reinstatement*, *resumption*. Babu wani abu wai shi *revivement*. Game da *revitalise* da *revitalize*, ta farkon ta fi yawa a rubutun Ingila da makarantunmu, ta biyun ita ce ta Amurka. Zaɓi ɗaya ka bi ta har ƙarshen takarda.

Mataki na 7: Gwada a kan takarda ta gaske

A ce ƙungiyar matasan unguwa za ta rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, da Hausa kuma buƙatunsu biyar ne, huɗu daga ciki da kalma ɗaya: a farfaɗo da rijiyar burtsatse da ta lalace, da ɗakin shan magani da ke buɗe amma ba komai a ciki, da gasar ƙwallon da aka daina shekaru, da rabon takin da aka dakatar bara, a kuma dawo da maigadin makaranta da aka sallama.

Bi su ɗaya bayan ɗaya da tambayar mataki na huɗu. Rijiya amfaninta ta rasa: *rehabilitate the borehole*, ko ma *repair* kawai. Ɗakin shan magani na nan da ransa, ƙarfi ya rasa: *revitalise the dispensary*. Gasa ta mutu ɗungurungum: *revive the football competition*. Rabon taki dakatarwa aka yi: *resume fertiliser distribution*. Maigadi matsayinsa aka karɓe: *reinstate the watchman*.

In wata haɗuwar kalmomi ta yi maka shakku, sa ta tsakanin alamun zance a Google, misali "rekindle the factory", ka duba su wa ke rubuta ta. In sakamakon kaɗan ne, ko babu wata babbar jarida a ciki, gwada ta gaba. Ƙamusun Oxford da Cambridge na masu koyo, waɗanda ke kyauta a intanet, suna kawo jimlolin misali a ƙarƙashin kowace kalma. Karanta jimlolin kafin ma'anar, ka lura da irin sunayen da ke biyo bayan aikatau ɗin, mutane ne ko gine-gine ko abubuwan zuciya, sannan ka kwatanta da naka.